Ku Tashi Kafin Ruwa Ya Tashe Ku

 

Ya ku 'yan'uwa, akwai maganar da ke yawo a bakinmu kowace damina. Hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA za ta yi gargaɗin ambaliya a rediyo, mai unguwa ya bi gida-gida yana cewa a bar bakin kogi, sai maigida ya gyara zama ya ce: "Ina nan daram, abin da Allah ya rubuta ba makawa." Malam, taurin kai ne ka naɗa wa rawanin tawakkali.

Annabi Nuhu, alaihissalam, ƙasa na bushe ya sassaƙa jirgi, mutanensa na wucewa suna yi masa ba'a. Wanda ya ƙi shiga, yana ganin dutse zai kare shi, ɗan cikinsa ne, kuma ruwa ya ci shi. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, labarin annoba ya tare shi, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, sai ya nuna masa juyawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. To wane ne a cikinmu ya fi Umar imani?

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare mutane na barci. Ya mamaye Gwange, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan namun daji bai bari ba. Kuma a 1994 garin ya taɓa ganin irin haka. A Mokwa, cikin Mayun 2025, sama da mutum 150 suka rasu a ambaliya. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu.

Saboda haka liman da mai unguwa su tara jama'a tun sama ba ta haɗo ba. A san tudun da za a nufa da hanyar da za a bi. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba sa iya gudu: tsohuwar da ke kwance a ƙuryar ɗaki, makaho, maijego da jinjirinta, almajiran da ke kwana a zaure iyayensu na wata jiha. Kowannensu a sa masa sunan saurayin da zai ɗauko shi, domin ranar da ruwa ya zo kowa ta kansa yake yi. Alaramma, yaran nan amana ne a wuyanka. Takardun gida da magani a ɗaure su cikin leda, a kwance dabbobi daga turke, kada a bar su su mutu a ɗaure.

Ku kuma na kan tudu, ku karɓi waɗanda ruwa ya kora, domin Ansar ba su tambayi Muhajirai kuɗin haya ba. Mai kwale-kwalen da ke tsuga wa wanda ruwa ya kai wa wuya kuɗi, ya tanadi amsar da zai ba Ubangijinsa.

In ruwa ya janye, kada a yi garajen komawa. Katangar ƙasa da ta sha ruwa takan rufta bayan kwanaki, rijiya kuma ta haɗu da masai. A tafasa ruwan sha, wanda amai da gudawa ya kama a garzaya da shi asibiti nan take.