Gashin Kyanwa a kan Darduma: Tsafta da Tsarki a Gidajen Damargu

A ƙasar Damargu, wadda ta ƙunshi gundumomin Tanut da Balbeji a arewacin jihar Damagaram, mutum da dabba ba su cika nisa da juna ba, domin akuya da tunkiya suna kwana a turke cikin gida, kyanwa tana tsare rumbun gero daga ɓeraye, kare kuma yana bin garken makiyaya. Yanzu da darduma mai kauri ta shiga masallatai da ɗakunan masu hali, na'urar zuƙe ƙura ta biyo ta inda wutar lantarki ta kai, kuma iri biyu ce: akwai mai jaka, wadda ke tara datti a jakar takarda ko ta ƙyalle a yar da ita in ta cika, akwai kuma marar jaka, wadda kamfanin Dyson na Ingila ya yaɗa tun 1993, tana juya iska da ƙarfi har ƙura ta taru a kwandon roba da ake zubarwa a wanke.

Tambayar da ta dace da mai sallah ita ce ko ɗayansu tana tsarkake wuri, kuma amsarta tana bukatar rarrabe tsafta, wato gushewar datti da ido ke gani, da tsarki, wato hukuncin shari'a da ke halatta sallah a wurin. A mazhabar Malikiyya, wadda almajiran yankin ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, duk abu mai rai tsarkakke ne, haka ma guminsa da yawunsa, har da kare, wanda ake wanke kwanon da ya yi lallagi a ciki sau bakwai don bin umarni kawai, ba don ya najastu ba. Kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta, kamar akuya da raƙumi, su ma ba najasa ba ne muddin ba ta cin ƙazanta, hukuncin da ya sauƙaƙa rayuwar masu kiwo ƙwarai. Saboda haka gashin da kyanwa ta kaɗe a kan darduma bai hana sallah ba tun farko, kuma kawar da shi al'amari ne na lafiya, musamman ga masu ciwon asma a lokacin hunturu.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne kashin kyanwa da fitsarinta, waɗanda najasa ne saboda namanta makaruhi ne. Na'ura tana iya ɗauke busasshen kashi har ba a ga alamarsa, amma malaman mazhabar sun bambanta jikin najasa da hukuncinta, suna cewa hukuncin ba ya gushewa sai da ruwa muɗlaƙi, wato ruwan da wani abu bai sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba. Darduma mai sheƙi tana iya zama ba ta halatta ga sallah ba, yayin da yashin ɗaki da aka share da tsintsiya, ko da ƙurar hamada ta lulluɓe shi, yake tsarkakke.

Zaɓi tsakanin na'urorin biyu, ke nan, lissafin aljihu ne da na huhu. Mai jaka ta fi kare mai shara daga shaƙar ƙura, sai dai jakunkunanta ba su samuwa a kowace kasuwa, marar jaka kuwa ta fi dacewa da mai nisa da birni, ko da yake matatarta tana son wanki akai-akai a ƙasar da ruwa ke da tsada. Wanda ya sayi kowace daga cikinsu ya sani cewa wurin da kyanwa ta yi fitsari sai an zuba masa ruwa kafin a yi sallah a kai.