Wasan da ya shiga aljihu

Yau maganar wasa za mu yi. Kada wani ya ce wasa bai isa a zauna a kansa ba. Abin da ke iya cin kuɗɗin gida da barcin yara ya isa magana.

Akwai wata na'urar wasa da ake kira Nintendo Switch. Wani kamfani na ƙasar Japan ya ƙera ta, ya kai ta kasuwa cikin watan Maris na 2017. Kamfanin tsoho ne ƙwarai. An kafa shi a birnin Kyoto tun 1889, kuma karta ya fara bugawa yana saidawa. Daga karta ya kai ga wannan. An saida fiye da miliyan 150 na na'urar cikin duniya. A watan Yuni na 2025 sunka fito da ƙanwarta, Switch 2.

Ga kamanninta. Gilashi ne shimfiɗaɗɗe, tsawonta taƙi guda da ɗan wani abu, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Kowane gefe akwai mariƙi mai maɓallai. Ana sa mata wani ɗan ƙaramin kati, wasan yana cikinsa: tseren mota, ƙwallo, faɗa, har noma da ginin gida. In kana so, ka riƙe ta a hannu kamar salula. In kana so, ka zaunar da ita cikin wani ɗan mazauni da ke haɗe da tele. Nan take wasan ya koma babban gilashi, kowa na gani. Ke nan hali biyu gare ta, na hannu da na tele.

A ƙauyukanmu ba a cika ganinta ba. Amma wanda ya je birni ya ga ɗakunan da yara ke biyan kuɗɗi su buga ƙwallo cikin tele. Ɗan cin rani kuma in ya komo daga Abijan ko Legas, ba tufafi kaɗai yake kawowa tsaraba ba. Salula ma daga birni ta faro, yau ga ta hannun makiyayi cikin daji. Gara mu san baƙon tun bai yi sallama ba.

Mu fara da alherinta, don tana da shi. Mariƙan nan biyu ana zare su, ka ba ɗan'uwanka guda, ka riƙe guda, ku yi wasa tare. In an haɗa ta da tele kuma an samu ƙarin mariƙi, mutum huɗu na iya tseren mota lokaci ɗaya. Wasanni da yawa na kati ba su bukatar intanet. Wadda anka ƙera daga 2019 batirinta na riƙe awa 4 da rabi zuwa awa 9, gwargwadon wasan. Wanda ya taɓa shiga mota daga Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, ya san amfanin abin da zai rage masa tsawon hanya. Haka marar lafiya da ke kwance wata da watanni.

Akwai kuma wani alheri da ba a cika faɗi ba. Yaron da ƙafarsa ta shanye ba ya langa, ba ya kokowa. Kullum shi ne mai tsaron rigunan ƴan wasa. A wannan wasa kuwa yatsu da kai ke aiki. Yana iya kada ƙaton da ke kada kowa a fili, a yi masa tafi. Ni ban raina wannan ba.

Wasu suna cewa tana koya wa yaro karatu. Da sauƙi dai. Rubutun da ke ciki Faransanci ne ko Ingilishi ko wasu harsuna, babu Hausa. Ɗan lakkwal zai tsinci kalma nan da can. Amma kada a saye ta da sunan littafi.

To, sai kuɗɗi. A Faransa an daɗe ana saida ta wajen Ero 300. Ero guda tamma 656 ne na sefa, ke nan kusan jikka 200. Ƙanwar ta fito a kan Ero 470, ya ɗara jikka 300. Sabon kati guda na babban wasa ya kai Ero 60, wajen jikka 39. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a Nijar daga farkon 2024 jikka 42 ne a wata. Kati guda ya kusa cinye shi duka. Ran kasuwa ka tambayi kuɗɗin tiyar hatsi, ka yi lissafin tiya nawa ke cikin jikka 200. Salula aƙalla tana kiran ɗanka da ke nesa, tana gaya maka kuɗɗin wake a Maraɗi. Ita wannan wasa ne aikinta.

Kuma ba don ƙasarmu anka ƙera ta ba. Masu ita sun ce a yi aiki da ita inda zafi bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa cikin bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce 40. Tana da ƴan ƙofofin shan iska, ƙurar hunturu na shiga ta nan. Mariƙanta ma an san su da wani ciwo: ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa yakan riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Mutane sun yi ta kuka, har a 2023 kamfanin ya yarda ya riƙa gyarawa kyauta a ƙasashen Turai. Mu ba Turai muke ba. Mai gyaran salula na kasuwa zai yi ƙoƙarinsa, in ya samu kayan.

Duk wannan lissafi ne, kowa na iya yinsa. Abin da ya fi damuna daban ne.

Ku dubi wasanninmu. Dara a gindin itace ake yinta, ramu 30, kowa da ƴaƴansa 12. Mutum biyu ke bugawa, goma na kallo, kowa da bakinsa. In an kira salla sai a watse. In ruwa ya sauko ya shafe ramun. Wasan dandali na farin wata ne, in wata ya faɗi kowa ya nufi gida. Kokowa sai an yi girbi. Ko babbar kokowar ƙasa ta takobi, wadda anka fara a Tawa a 1975, lokacinta gare ta, in ya wuce sai baɗi. Kowane wasa da wurinsa da lokacinsa. Iyayenmu ba fin mu haƙuri sunka yi ba. Su ma suna son wasa, akwai waɗanda dara ta hana su noma, an kuwa yi musu zambo. Amma wurin da kansa yakan tashi wasan. Rana ta faɗi, abokin wasa ya gaji, tsohuwa ta leƙo ta yi tsawa.

Na'urar nan in tana kan tele, ɗiyar dandali ce. Tana tsakar gida, ido na kanta. Ana jiran layi, ana gardama, wanda anka kada ya miƙa wa na baya. Uwa ta san wasan da ake yi. In an kashe tele, magana ta ƙare.

Da an zare ta daga mazauninta, sai ta zama wani abu. Ba ta da wuri, don ko'ina wurinta ne: bayan rumbu, cikin bargo, wajen kiwo. Ba ta jiran wata, haskenta gare ta. Ba ta bukatar aboki, kuma ba ta gajiya. Masu tsara wasannin gwanaye ne. In ka ci mataki guda, sai su buɗe maka na gaba, ka ce bari in ƙara ɗaya. Kamfanin ya shafa wa ɗan katin wani abu mai ɗaci don kada jariri ya haɗiye shi. Wasan da ke ciki kuwa ba a shafa masa ɗaci ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da irin wannan wasa cikin jerin cututtuka. Alamominsa uku: mutum ya kasa tsaida kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar. Sai abin ya kai kamar shekara ake kiransa ciwo, kuma hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan. Ƙasar Sin ta ɗauki abin da zafi. A 2021 ta hana yara wasan intanet sai awa guda ran Juma'a, da Asabar, da Lahadi, da ranakun hutu. Gwamnati ta koma tana yin aikin tsohuwar nan mai tsawa.

Wani zai ce laifin ba na na'ura ba ne. Wuƙa na yanka nama, tana yanka yatsa, mai hankali ya san inda zai sa ta. Gaskiya ne. Amma ba a ba ɗan shekara 10 wuƙa a ce ya kwana da ita. Mu manya ma mu dubi yadda muke da salula da dare kafin mu yi alfahari da hankali. Sa'annan lokacin da yaro ya zuba cikin wasa, ba nasa ba ne shi kaɗai. Awakin da ya bari sun shiga gonar maƙwabci, uba zai biya ɓarna. Ruwan da bai ɗebo ba, ƙanwarsa za ta ɗebo.

Wani kuma zai ce ai zama shi kaɗai ba laifi ba ne. Wannan ya fi ƙarfi, na yarda da rabinsa. A gida mai yawa, in abu na gaban kowa, manyan maza ke riƙe shi. Yarinya da ƙaramin yaro sai kallo. In abin na shiga hannu, su ma za su samu rabonsu a gefe. Amma maganin wannan shi ne babba ya tsaida layi na adalci a tsakar gida. In an bar kowa ya shige lungu da ita, ƙarshenta mai ƙarfin ne zai shige da ita, ba yarinyar ba.

A ganina, wanda sai ya taɓa rumbu ko ya saida tunkiya kafin ya saye ta, ya bar ta. Wanda Allah ya hore masa, ko ta zo masa tsaraba, ya yi mata wuri kamar yadda dara ke da gindin itace. Ta kwana ɗakin maigida ko uwargida, ita da igiyar cajinta. Ta fita hannu ran tafiya ko ran ciwo. Kamfanin ya yi wata dabara da ake sawa cikin salular uba, a ƙayyade awa nawa yaro zai yi a yini, in sun cika wasan ya tsaya. Wanda bai iya ba ya sa mushe ko wani ɗan lakkwal ya saita masa.

Abu guda kuma ga mai zuwa saye. A 2019 sun fito da wata ƙarama, Switch Lite. Ta fi arha, ta fi sauƙin ɗauka, ga launi mai kyau. Amma mariƙanta ba su zaruwa, kuma ba ta hawa tele ko kaɗan. Ta hannu ce zalla. In kuɗɗinka bai kai ba, ita mai kanti zai miƙo maka. Kafin ka ƙirga masa, ka ce ya haɗa ta da tele ka gani.