Shin Rabuwa Zaman Lafiya Ce?

A bayan gidanmu a Rigasa akwai wani kango da muka riƙa buga ƙwallo a ciki muna yara. Sai da na yi wayo mahaifina ya gaya mini cewa da can coci ne, masu shi kuwa maƙwabtanmu ne. Rikicin Shari'a na shekarar 2000 da wanda ya biyo baya a 2002 su suka tashe su. Kirista da yawa suka ƙetare kogin Kaduna zuwa su Sabon Tasha da Narayi, Musulmin can kuma suka kwaso kayansu suka yo arewa. Ni da aka haifa bayan wannan, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba sai da na shigo jami'a.

Dattawanmu sukan ce rabuwar ita ta kawo lafiya, wai zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba na raina maganarsu, don wanda ya binne ɗansa ya fi ni sanin zafin abin. Amma tambayata ita ce: shirun da aka samu don maƙwabci ya gudu, shi ne zaman lafiya?

Mu duba birnin Isfahan a ƙasar Iran. Wajen shekarar 1605 Sarki Abbas na Ɗaya ya taso Armeniyawa, waɗanda Kirista ne, daga garinsu Julfa, ya zaunar da su a ƙetaren kogin birnin, aka kira unguwar Sabuwar Julfa. Tilas ce ta kawo su, ba son ransu ba. Duk da haka ya bar su da addininsu da fataucinsu na siliki. Suka gina majami'u, ciki har da babbar majami'ar Vank mai ƙubba irin ta masallaci, kuma a nan aka fara kafa injin ɗab'i a ƙasar. Yau fiye da shekara 400 ke nan majami'un na tsaye a birnin Musulmi. Su ma kogi ya raba su da sauran gari, amma gada ta zame musu hanyar kasuwa, ba ta gudun tsira ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Wusasa kusa da Zariya akwai cocin da aka gina da ƙasa a 1929, ginin Hausa sak, ga shi nan har gobe a ƙasar Sarkin Zazzau. Ashe abin ba baƙonmu ba ne.

To, a ganina ba a auna mutuncin gari da girman masallacin masu rinjaye. Ana auna shi ne da ko ɗakin ibadar marasa rinjaye zai iya tsufa a cikinsa. Wannan hukunci ya hau kanmu a Rigasa, ya kuma hau kan unguwannin kudu inda masallatai suka zama kango. Addinin da ya girmama haƙƙin maƙwabci bai ce a kore shi don a huta da haƙƙin ba.

Mu 'yan makaranta ba mu muka rushe ba, amma mu muka gaji kangon. In mun gama karatu kowa ya koma gefen koginsa ya rufe ƙofa, to mun sa hannu ke nan. Allah ya sa mu gane.