Tsoron da Babu Alhaki a Cikinsa

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Tamale, a Zongo ko wajen Aboabo, ya san shirun da ke sauka idan yaro ya kama Resident Evil. Masu ihu a kan wasan ƙwallo sai su yi tsit. Amma a sa musu fim ɗin Resident Evil, sai dariya da tafi. Kamfanin Umbrella ɗaya ne, gawawwaki masu tafiya iri ɗaya ne. A ganina, abin da ya faɗi a hanya tsakanin wasan da fim ɗin shi ne alhaki.

Wasan da kamfanin Capcom ya fitar a 1996 marowaci ne da gangan. Harsashi a ƙirge yake. Chris abu shida kawai yake iya ɗauka, Jill takwas, don haka sai ka zaɓa tsakanin magani da makulli. Ko ajiye inda ka kai ba ya yiwuwa sai ka nemo kintinkirin tawada ka kai wa tafireta, shi ma yana ƙarewa. Idan Jill ta mutu, kai ka kashe ta, domin kai ka ɓarnatar da harsashi a ɗakin baya, kai ka buɗe ƙofar nan. Sau da yawa hikima ita ce ka raɓa gawar ka wuce ba tare da ka harba ba.

Fim ɗin Paul W. S. Anderson na 2002 ya kawo Alice, wadda babu ita a wasan, Milla Jovovich ta fito a matsayinta. Kafin a kai fim na shida a 2016, ta zama wadda ba ta jin duka, bindigarta kuma kamar rijiya. An samu kuɗi, fiye da dala biliyan ɗaya, ban musa ba. Sai dai wanda ba zai rasa komai ba, me zan ji masa tsoro? Ina zaune da gyaɗata, an riga an yanke mini kowace shawara.

Akwai masu kirana a rediyo suna cewa nishaɗi ne kawai, in bar yara su huta. Ba na neman a hana kowa kallo, kuma ba na cikin masu cewa fim ke mai da yaro ɗan daba. Damuwata ƙarama ce, amma ta ƙi barina. Waɗannan gawawwakin, a cikin labarin, jiya ma'aikata ne, maƙwabta ne, iyayen wasu ne. A garin nan idan aka ɗauko makara, hira takan tsaya, mai babur yakan rage gudu, ko bai san mamacin ba. Wasan, duk da jininsa, yana sa ka ji nauyin kowace gawa, ko da don tsadar harsashi ne. Fim ɗin kuwa yana zubar da su ɗari-ɗari da kiɗa, kamar ana sussukar gero. Idan aka cire wa mutuwa nauyinta, tsoro ma ya tafi, saura ƙara da hayaƙi.

Wasu sun gane matsalar. Masu shirin The Last of Us na HBO a 2023 sun rage dodanni, suka tsaya a kan mutumin da ya rasa 'yarsa tun kashi na farko, har wasu masoya wasan suka yi ƙorafin cewa dodannin sun yi kaɗan. Ni kuwa a nan na fi jin tsoro.

Masu fim ɗin Doom na 2005 sun bi ta wata hanya. Kusan minti biyar suka mai da kyamara idon soja, bindiga a gabanka kamar a wasan, yana bin lungu yana harbi. Hoton ya yi kama sosai. Amma hannun da ke kan kunamar ba naka ba ne, kuma ko ka tashi ka je shan ruwa, sojan zai fita lafiya.