Tausayi da Idon Kyamara

A ranar 23 ga Oktoba, 1984, talabijin na BBC ya nuna rahoto daga Korem, wani gari a arewacin Habasha. Mohamed Amin, ɗan Kenya, ya ɗauki hoton, Michael Buerk ya yi bayani. Dubban mutane zube a fili cikin sanyin asuba, uwa rungume da ɗanta, babu abin ba shi. Watanni kafin nan ƙungiyoyin agaji sun yi ta kururuwa da alƙaluma, manyan ƙasashe suka yi kunnen uwar shegu. Da aka ga fuskoki, sai aljihu ya buɗe. Ranar 13 ga Yuli, 1985, mawaƙa suka yi taron Live Aid a Landan da Filadelfiya, aka tara miliyoyin daloli.

Gani ya kori ji. In ka ga mutum yana kuka, jikinka ne ke fara amsawa kafin hankali ya iso: tsikar jiki ta tashi, maƙogwaro ya ɗaure. Shi ya sa uwargida ke share hawaye gaban fim ɗin Indiya ko na Kannywood, alhali ta san wasa ne, shi kuma ɗan wasan da ya saba fitowa a mugu ya sha harara a kasuwa. Ni ban ga abin dariya a nan ba. Wanda marayan fim bai taɓa zuciyarsa ba, da wuya na gaske ya taɓa ta.

Sai dai tausayi bai iya lissafi ba. A wani bincike da Paul Slovic da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, an nemi mutane su ba da sadaka. Waɗanda aka nuna wa hoton yarinya ɗaya 'yar shekara 7 daga Mali sun fi bayarwa kan waɗanda aka gaya wa miliyoyi na fama da yunwa. Da aka haɗa hoton da alƙaluman, sai kyautar ta ragu. Fuska ɗaya muke iya ɗauka a zuci, kuma mai riƙe da kyamara ne ke zaɓa mana ita.

Dubi abin da hoton Korem bai nuna ba. Fari ya yi nasa, amma gwamnatin Habasha ta Mengistu na yaƙi a Tigray da Iritiriya, tana kwashe mutane ƙarfi da yaji zuwa kudu. Likitocin ƙungiyar MSF da suka fito suka faɗi haka, korarsu aka yi daga ƙasar a Disamban 1985. Mai kallo a Ingila ya yi kuka da gaske, ya ba da kuɗi da gaske, amma ya tashi da tunanin rashin ruwan sama ne kawai. A wancan lokacin kuwa Nijar na cikin yunwar da mutanenta ke kira El-Buhari, ba ta samu irin wannan kallo ba.

Yau kyamarar tana aljihun kowa. Za a turo maka bidiyon majinyaci a WhatsApp, an yaye masa zane ana nuna ciwon, an rubuta lambar asusu a ƙasa. Wani na gaskiya ne, kuma an ceci rayuka ta haka, ba na musu. Wani kuwa tsohon bidiyo ne aka canza lamba, don 'yan damfara sun fi mu sanin inda zuciya ke da laushi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda "Allah sarki" da turawa gaba suka zama ƙarshen aiki: mutum ya yi hawaye, ya ji sanyi a ransa kamar ya sauke nauyi, majinyacin kuwa ko sisi bai gani ba. Ba wanda ya tambaya ko da yardarsa aka nuna tsiraicinsa, balle a tambayi halin na gadon kusa da shi, wanda danginsa ba su da babbar waya.

Tun Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan. Fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, a ƙasar da Hausawa suka daɗe da zama. Bidiyonsu kaɗan ne ke isowa wayoyinmu, don haka ba su cika shiga hirarmu ba.