Wa Ya Ƙirga?

Tun ina yaro nake bin mahaifina kasuwar Bakori lokacin kaka, kuma ban taɓa ganin ya karɓi buhun masara bisa maganar mai shi ba. Ko amininsa ne ya ce tiya 40 ce a ciki, sai an zazzage an auna a gabansa, kuma ba wanda ke jin haushi, domin awo al'adar kasuwa ne. Amma da yamma, idan aka karanto musu jarida a majalisa aka ce an kashe mutum kaza a gari kaza, shi da abokansa sai su yi salati su karɓa, babu mai cewa a zazzage. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, me ya sa muke auna hatsi amma muke haɗiye adadin rayuka ba tare da awo ba?

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyarmu. Cikin kwanakin da suka biyo baya, Gwamna Aminu Bello Masari ya ce ɗalibai 333 ne ba a gani ba. Mai magana da yawun shugaban ƙasa, Garba Shehu, ya ce 10 ne kawai a hannun maharan. Wasu jaridu kuma suka haura da adadin sama da 600. Ranar 17 ga watan aka sako yaran, aka ce su 344 ne, daga baya Garba Shehu ya nemi afuwa. Ka duba halin uwar da ɗanta bai dawo ba. Adadi 10 ya gaya mata wataƙila ɗanta yana ɓoye a daji, gobe zai shigo. Adadi 600 ya gaya mata an kwashe makarantar kusan gaba ɗaya. Kwana shida tana tsakanin waɗannan alƙaluma biyu, kuma kowanne an buga shi da tawada iri ɗaya.

A farkon Fabrairu 2023 abin ya zo mana har gida. Ɓarayin daji sun kore shanu a yankin Kandarawa, 'yan sa-kai suka bi sawu har dajin 'Yargoje, aka yi musu kwanton ɓauna. 'Yan sanda suka ce mutum 41 aka kashe, wasu rahotanni kuma suka kai adadin sama da 100. Tazarar da ke tsakani ta isa ta cika sahun masallacin unguwa.

Ba kowane saɓani ne ƙarya ba, kuma adalci ya wajabta a faɗi haka. Wanda ya ƙirga gawawwaki ranar farko ba zai samu abin da mai ƙirga na rana ta uku zai samu ba. A Ƙanƙara yara da yawa sun tsallake katanga sun watse cikin duhu, saboda haka wanda ya duba rajista ya cire waɗanda ke gabansa dole ya haɗa ɓatattu da satattu. Ɗan jarida kuma sau da yawa yana Katsina ko Abuja, hanya ba ta biyuwa, waya ce idonsa, edita yana jira. Hukuma tana da dalilin rage adadi don kare mutuncinta, mutanen gari suna da dalilin ƙarawa don a ji kukansu, jarida kuwa ta san babban adadi ya fi jan mai saye. Laifin yana farawa ne lokacin da aka ɗauki kintace aka tufatar da shi rigar tabbas, aka ɗora shi a kanun labari ba tare da an ce ga wanda ya faɗa ba.

Wani zai ce, ai ko mutum ɗaya aka kashe musiba ce, mene ne na jayayya kan lamba? Amsata ita ce, lambar mutane ce. Wanda ya rage ta ya shafe wasu mamata kamar ba a taɓa haihuwarsu ba, ya kuma rage nauyin da ke wuyan masu mulki. Wanda ya ƙara ta ya miƙa wa hukuma sandar da za ta kore labarin duka, ranar da aka faɗi gaskiya ma sai a ce ƙari ne irin na jiya. A ƙasar da ramuwar gayya ke bin adadi, ƙarin mutum goma a takarda yana iya zama ƙarin kabari a wani ƙauye.

Malamanmu na hadisi sun bar mana hanya, domin ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa. Mai karatu ma yana da tambayoyinsa: wa ya ƙirga, yaushe ya ƙirga, da idonsa ya gani ko gaya masa aka yi, kuma me zai samu idan adadin ya ƙaru ko ya ragu? Idan jarida ta yi kuskure jiya, ta fito ta gyara yau? Wannan tambaya gata ce ga ɗan jarida mai amana, kamar yadda awo ke kare ɗan kasuwa mai cika mudu.

Jaridar Hausa da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, an raɗa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo. Alkawari ne aka ɗaukar wa mai karatu, kuma alkawari yakan lalace idan mai shi ya daina bibiya. Yanzu da labari ke isowa ta waya kafin a gama jana'iza, duk wanda ya tura adadi gaba ya shiga sahun masu ruwaya, kuma nauyin yana kansa. Ni dai na ɗaukar wa kaina cewa ba zan ƙara tura lambar da ban san mai ƙirga ta ba, ko da ta yi daidai da abin da zuciyata ke son ji.