Audu Nawa Ne A Kano?

Wata tambaya ce ta tsaya mini a rai game da kaburburan sojojin Ingila.

A 1917 Turawa suka kafa hukumar kula da kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙi. Ƙa'idarta a takarda abin sha'awa ce. Janar da kurtu dutse iri ɗaya za a kafa musu, a rubuta suna da muƙami da ranar rasuwa. Sai ga shi a 2021 binciken da hukumar ta sa aka yi ya nuna aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ba. Har gwamnatin Ingila ta nemi gafara a majalisa.

Da farko na ce, to mene ne abin zafi a nan? Ai mu ma ba ma rubutu a kan kabari, Tirmizi ya ruwaito hani a kan haka. Mazanmu masu kai gawa sun sani, ba a gane kushewar attajiri da ta almajiri. Amma da na sake tunani sai na ga ba ɗaya ba ne. Mu kowa aka bari ba suna, har sarki. Su kuwa an rubuta wa Bature, an tsallake baƙar fata, don an ga bai kai ba.

Waɗanda ma aka rubuta, yaya aka rubuta su? A Yaƙi na Biyu an kwashi mazajenmu zuwa Bama, wasunsu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Sau da yawa akawun soja sunan mutum yake rubutawa ya liƙa masa garinsu, a ce Audu Kano. Haba! Audu nawa ne a Kano? Alhali a Suratul Ahzab an umarce mu da kiran mutane da sunan ubanninsu.

Kar a ce alama ba komai ba ce. Annabi (SAW) da kansa ya ajiye dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un domin ya riƙa gane shi. Ni dai matar Audu nake tunani, wadda ta yi takaba ba ta ga gawa ba, da jikansa da zai je Bama yau ya tarar da sunan, ya rasa tabbacin ko kakansa ne.